Filin Tambaya da Amsa: Wai matattu kaɗai aka tara wa waɗannan tuddan?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. A darasin tarihi an nuna mana hotunan wasu manyan tuddai a Turai, aka ce kaburbura ne na mutanen da tun kafin a san rubutu. Abinda ya ɗaure min kai shine, mutanen da ko ƙarfe ba su da shi su kwashe shekaru suna jidar ƙasa da duwatsu dan kawai su rufe gawa biyar ko goma? Ko dai akwai wani abin da suke yi a wurin bayan binne mamaci?
Daga wani ɗalibi a Zariya

AMSA: Ɗan'uwa ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi, kuma lissafinka daidai yake, aikin ya fi ƙarfin gawarwakin da ke ciki nesa ba kusa ba. Ni dai a ganina rayayyu suka gina wa kansu waɗannan wuraren, binne mamaci yanki ne kawai na hidimar da ake yi a can, wani lokacin ma ƙaramin yanki.

Bari mu fara da Newgrange a ƙasar Ayalan, kusa da kogin Boyne. An gina shi wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato ya girmi manyan dalar Giza na Masar da ɗaruruwan shekaru. Tudu ne mai faɗin kusan mita 85, tsayinsa ya kai mita 12, an zagaye gindinsa da manyan duwatsu 97 wasunsu da zane-zane masu murɗewa a jiki. Toh duk wannan jan aikin, da Farfesa Michael O'Kelly ya tone wurin tsakanin 1962 da 1975 ƙasusuwan da ya samu a ɗakin ciki na mutum wajen biyar ne, wasu an ƙona wasu ba a ƙona ba. Eh, wurin ya daɗe a buɗe tun 1699 da wasu leburori masu ɗibar dutse suka ci karo da ƙofar, dan haka dole wasu abubuwan sun salwanta, amma ko ninka biyar ɗin ka yi sau goma ai bai kai a ce saboda su kaɗai aka sha wannan wahalar ba.

Ga abinda ya fito da sirrin. A saman ƙofar shiga akwai wata 'yar taga da aka gina da dutse musamman, daban take da ƙofar. Mutanen yankin sun daɗe suna faɗin wai akwai lokacin da rana ke shiga har ƙuryar ɗakin, shi kuma O'Kelly ya ce gani ya kori ji, ranar 21 ga Disamba 1967 ya shiga tun da asuba ya tsaya cikin duhu shi kaɗai. Ka lura da yadda ginin yake, lungu ne siriri mai tsawon mita 19, wani wurin sai ka karkace kafaɗa kafin ka wuce, kuma ƙasan lungun hawa yake yi a hankali a hankali ta yadda in ka isa ɗakin toh inda ƙafarka take ya zo daidai da tsayin tagar nan ta waje. Ana gab da ƙarfe tara na safe rana ta leƙo daga bayan tudun da ke tsallaken kogi, sai wani siririn haske ya ratso ta tagar ya bi lungun ya sauka a daɓen ɗakin, ya dinga faɗi yana faɗi har mutum na iya ganin duwatsun rufin da aka jera ɗaya kan ɗaya sama da kansa, bayan kamar minti 17 ya tsuke ya janye, duhu ya dawo. 'Yan kwanaki ƙalilan ne a shekara hakan ke faruwa, a tsakiyar hunturu lokacin da dare ya kai matuƙar tsawonsa a can kuma yini ya fi gajarta.

Kaga wanda ya auna wannan ya shekara da shekaru yana kallon inda rana ke fitowa, kuma ya gina abin ne dan a dinga dawowa duk shekara. Manoma ne fa da makiyaya, alkama da sha'ir da shanu sune rayuwarsu, a ƙasar da sanyi da duhu ke cinye watanni, dan haka ranar da rana ta daina ja da baya ta fara dawowa ba ƙaramar rana ba ce a wurinsu, kuma sai suka haɗa ta da ɗakin da kakanninsu ke kwance. A tsibiran Orkney da ke arewacin Sukotilan ma akwai irinsa, Maeshowe, na wajen 2800 kafin haihuwar Annabi Isa, sai dai shi hasken faɗuwar rana ne ke shiga lungunsa a irin waɗannan kwanakin na Disamba.

Wani abin kuma, ɗakin ciki ƙarami ne, bai ɗaukar jama'a. Mutum kaɗan ke shiga, sauran duk a waje suke, kamar dai yadda in ana sha'ani a gida taron ke zama a ƙofar gida alhali ainihin abin a ciki ake yinsa. Shi yasa masu tonon tarihi yanzu suke maida hankali sosai kan filin da ke gaban ƙofar kabarin. A irin waɗannan kaburbura na Denmak da kudancin Swidin an sha samun dubban fasassun tukwane jibge a bakin ƙofa, tukwane masu ado, waɗanda aka ajiye a kan duwatsun gaba ko aka fasa a wurin. A Birtaniya kuma ana samun gurbin wuta da ramuka da ƙasusuwan dabbobin da aka ci. A Newgrange ɗin kansa, ɗaruruwan shekaru bayan an daina binne kowa, wasu suka zo suka haƙa babban da'irar ramuka da ginshiƙan katako a gefensa, a cikin ramukan an samu ƙonannun ƙasusuwan dabbobi. Wato ana yanka ana ci ana taro a gindin tudun alhali ba wata sabuwar gawa.

Amma wanda ya fi taɓa ni shine West Kennet a kudancin Ingila, kusa da Avebury. Dogon tudu ne mai tsawon kusan mita 100, da ɗakuna biyar na dutse a bakinsa na gabas, Stuart Piggott da Richard Atkinson suka tone shi a 1955 da 1956. Da aka sake auna shekarun ƙasusuwan da na'urorin zamani, sakamakon da aka fitar a 2007 ya nuna mutum 36 ne, kuma an shigar da su ne wajen 3650 kafin haihuwar Annabi Isa cikin ɗan lokaci, shekara 10 zuwa 30 kacal. Amma wurin ya ci gaba da amsar baƙi har kusan shekara dubu. Ka tsaya ka auna wannan, shekara talatin ta binnewa, shekara dubu ta wani abu daban.

Me suke yi a ciki? Na farko dai ba sa barin ƙasusuwan su huta. In nama ya zagwanye sai a dawo a tattara, a jera ƙoƙon kai a gefe guda, dogayen ƙasusuwa a wani gefen, kuma da aka ƙirga sai aka ga ƙoƙunan kai da ƙasusuwan cinya ba su cika ba, an ɗebi wasu an fita da su. Can kusa akwai wani tudu Windmill Hill inda mutanen wancan zamanin ke taruwa, a cikin ramukansa kuma an samu gutsattsarin ƙoƙon kan mutane da dogayen ƙasusuwa, shi yasa masana da dama suke ganin daga irin waɗannan kaburburan ake ɗauko su a kai wurin taro, wato mamaci na halartar sha'anin dangi da ƙashinsa. Na biyu kuma a hankali suka dinga cika ɗakunan da farar ƙasa da toka da gawayi, da fasassun tukwane na zamani daban-daban, da duwatsun wuya, da ƙasusuwan dabbobi, har ya kai rufi, daga ƙarshe suka jawo wasu ƙattin duwatsu suka toshe gaban gaba ɗaya. Rufewar ma kanta hidima ce da ta ci ƙarfin mutane da yawa.

Akwai ma tuddan da ba kowa a ciki kwata-kwata. A wannan yankin dai an tone dogon tudun Beckhampton Road ba a samu ɗan Adam ko ɗaya ba, ƙoƙunan kan shanu uku aka tarar. Silbury Hill kuwa, tsayinsa ya haura mita 30, na wajen 2400 kafin haihuwar Annabi Isa, an huda shi ta sama a 1776, ta gefe a 1849, aka sake tsakanin 1968 da 1970, babu kabari.

Bayan maginan sun shuɗe har an manta da harshensu, tuddan ba su daina aiki ba. A bakin ƙofar Newgrange an tsinci kuɗin Rumawa da kayan ado na zinariya da wasu suka ajiye shekara sama da dubu uku bayan gina shi, alhali Rumawa ba su taɓa mulkin Ayalan ba, kuma a tatsuniyoyin ƙasar wurin gidan allolinsu ne na da. Tudun da ake kira Tara inda a da ake naɗa manyan sarakunan Ayalan, a tsakiyarsa akwai tsohon kabari irin wannan mai shekara kusan dubu biyar, har a 1843 ɗan siyasa Daniel O'Connell da ya tashi tara dubun dubatar jama'a kan neman 'yancin majalisar ƙasarsa, can ya kira su. A Ingila ta zamanin Anglo-Saxon ana zaman shari'a da taron gunduma a kan irin waɗannan tuddai, wasu kuma aka maida su wurin kisan masu laifi, kamar Walkington Wold a Yorkshire inda aka samu gawarwaki goma sha wani abu yawancinsu an fille kai, an binne su a gefen tudun da ya girme su da shekara dubu biyu da wani abu. Wani waliyyin Kirista Guthlac a shekara ta 699 ya je ya tare a jikin wani tudu a Crowland dan ya yi zaman kaɗaici a wurin da mutane ke tsoro. A Carnac ta Faransa kuwa coci aka ɗora a ƙolin tudun Saint-Michel, yana nan har gobe. Duk mai son a yarda mulkinsa ko addininsa na da tushe a ƙasar sai ka ga ya nufi tudun.

TAMBAYA: Malam kullum labarin Turawa. Mu nan Afirka ba mu da irin waɗannan ne?
Daga wata malamar makaranta a Katsina

AMSA: Malama ai ke ce ma kike kusa da su. Durɓi Takusheyi na nan a ƙaramar hukumar Mani, gabas da birnin Katsina, tuddai ne da ake dangantawa da Durɓawa, sarakunan farko na ƙasar Katsina tun daga Kumayau har zuwa Sanau wanda labari ya ce Korau ya kayar. Baturen mulki H.R. Palmer ya tona wasu a 1907 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, sannan a 1992 aka sake tona uku tare da masana daga Jamus. A tsakiyar kowane tudu mutum ɗaya ne, da kayan zinariya da tagulla da hauren giwa da wuri da duwatsun wuya, har da kwanon ƙarfe da ya fito daga ƙasashen Musulmi na gabas, shekarunsu kuma sun kama daga wajen ƙarni na 14 zuwa na 16. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su sannan aka dawo da su Najeriya. Ba su kai na Turai tsufa ba amma aikinsu iri ɗaya ne, dan marigayi Dokta Yusufu Bala Usman da ya yi zurfin bincike kan tarihin Katsina ya nuna cewa ikon Durɓawa ya jingina ne da girmama kakanni a waɗannan kaburbura, wato wurin cibiya ce ta sarauta da bauta a lokaci guda.

In kika matsa yamma, malamin Andalus al-Bakri ya rubuta a 1068 yadda ake binne sarkin tsohuwar daular Gana (ba Gana ta yau ba, waccan tana tsakanin Mali da Muritaniya ne). Ya ce ana gina wata babbar rumfar katako a shigar da sarki a kan gado, a ajiye masa kayan adonsa da makamansa da kwanukan da yake ci da sha cike da abinci, tare da mutanen da ke masa hidimar abinci, a rufe ƙofa, jama'a su taru su yi ta zuba ƙasa har ya zama tudu, sannan a haƙa rami a zagaye shi a bar hanya ɗaya tak. Abin lura shine wannan hanya ɗayar da aka bari, ai dan masu zuwa aka bar ta, kuma shi da kansa ya ce suna yi wa matattunsu yanka suna kai musu giya. Ya ƙara da cewa kaburburan sarakuna na cikin wani kurmi mai masu gadi da ba kowa ke shiga ba, kuma kurkukun sarki ma a nan yake.

A Sanagal da Gambiya akwai da'irorin duwatsu da tuddai sama da dubu a tsawon kogin Gambiya, UNESCO ta sa huɗu daga wuraren cikin kayan tarihin duniya a 2006, kuma a Wassu har yau masu ziyara na ɗora ƙananan duwatsu a kan ginshiƙan suna fatan biyan buƙata. Wanda ya fi su tsufa duka yana hamadar kudancin Masar, Nabta Playa, inda aka tono wata karsana da aka binne ɗungurungum a ɗaki ƙarƙashin tsibin duwatsu, sama da shekara 7000 da suka wuce. Makiyaya ne suka yi wa saniya abinda ake wa sarki. A duwatsun Ayar da hamadar Tenere a Nijar ma tsibin duwatsu na kaburburan mutanen da ba sa ƙirguwa.

TAMBAYA: Ɗana, ban ga amfanin cika mujalla da labarin tsafe-tsafen maguzawa ba. Ba ka tsoron ka kwaɗaita wa yara shirka?
Daga wani dattijo a Gusau

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, na ji kuma na gode da wannan kishin. Matsayin addininmu a fili yake, a Sahihu Muslim Sayyidina Ali (RA) ya faɗa cewa Annabi (SAW) ya aike shi kada ya bar wani kabari da aka ɗaga face ya daidaita shi. Amma Baba ka duba abinda Ibn Abbas (RA) ya faɗa a Bukhari kan Wadda da Suwa'a da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra da aka ambata a Suratu Nuh, ya ce sunayen mutanen kirki ne, da suka mutu aka kafa musu alamu a wuraren zamansu dan tunawa, ba a bauta musu ba sai da waɗancan suka shuɗe ilimi ya gushe. Toh abinda masu tono ke gani a ƙasa kenan ƙuru-ƙuru, kabari ya fara a matsayin kabari, jikoki su maida shi wurin yanka, na bayansu su ce gidan alloli ne. Yaron da ya san wannan ya fi gane dalilin hanin a kan wanda aka ce masa haramun ne kawai aka yi shiru, kuma Alƙur'ani da kansa ya yi ta umartar mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance.

TAMBAYA: Akwai wani tudu a gonarmu ta gado, in an yi ruwa ana ganin fasassun tukwane. Wasu samari sun ce in bari su tona wai akwai zinariya mu raba. Me ka gani?
Daga wani manomi a jihar Maraɗi

AMSA: Dan Allah ɗan'uwa kar ka yarda, ina roƙonka. Da farko dai galibin irin waɗannan wuraren ba zinariya a ciki, fasassun tukwane ne da gawayi da ƙashi, na Durɓi Takusheyi kabarin sarakuna ne shi yasa. Sannan in kabari ne toh mutane ne a kwance, kakannin wasu ne, wataƙila ma naka.

Kuma duk abubuwan da na zayyana a sama ta yaya aka san su? Ta wurin ganin me ke saman me. An gane West Kennet ya shekara dubu ana zuwa ne saboda tukwanen ƙasa-ƙasa daban suke da na sama-sama, kuma ɗan gawayi ko guntun ƙashi da samarin nan za su watsar da shebur shi ake kaiwa ɗakin gwaji ya faɗi shekarun wurin. In aka birkita ƙasar sau ɗaya shikenan, ba mai iya maida ta, ko an kama ɓarawon an ƙwato tukunyar labarin ya riga ya tafi.

A ƙasarku ma an ga illar haka. Maƙabartar Bura da ke yankin Tera an gano ta a 1975, masanin Nijar Boubé Gado ya tone ta bisa ƙa'ida a 1983 ya fito da ɗaruruwan tukwanen binnewa da mutum-mutumin yumɓu, amma da duniya ta ga kyawunsu sai 'yan kasuwar kayan tarihi suka sako mutane a gaba, aka bi wuraren yankin da tono ba dare ba rana, kayan suka ƙare a shagunan Turai, talakan da ya yi tonon kuma abinda aka ba shi bai taka kara ya karya ba. Abin na min ciwo ƙwarai.

Abinda za ka yi shine ka ɗauki hoto da waya ba tare da ka tsince komai ba, ka sanar da maigari, sannan a kai maganar cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai ko ofishin al'adu na jiha. Masu karatu na Najeriya kuma Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa za su nema, dan dokar 1979 da ta kafa ta ta hana kowa tonon kayan tarihi sai da izininta. Nomanka ka ci gaba da yi a gefe, garma dai kar ta hau kan tudun, kuma kar ka bari a ɗebi ƙasarsa a yi bulo.